Mota Mai Mazauni Biyu a Kotonu

Tun ranar da na dawo Bilbis tabarmata ba ta huta ba. Wannan ta yi sallama ta ce, "Inna Hajo, wai da gaske ruwan teku ba ya da tsallake?" Waccan ta ce, "Wai an ce kin shiga motar wasan yara?" Na faɗa har muƙamuƙina ya gaji. Shi ya sa na ce a ɗauko alƙalami, ni da ban yi boko ba in faɗa sau ɗaya a rubuta, duk mai tambaya a karanta mata. To ku gyara zama, ga yadda anka yi.

Ba ganin ruwa ya kai ni Kotonu ba. Ɗana na fari ne a can. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, kun san wannan. Tun da anka yaye shi ƙanwar mahaifinsa, Tabawa, ta ɗauke shi, ni kuwa ko a tsakar gida munka yi kiciɓis sai in kau da kai. Ɗan Tabawa nake ce masa, haka kuma zan ce masa har labarin ya ƙare. Direba ne, ya daɗe yana ɗauko motoci daga tashar jiragen ruwa yana kai su arewa. Bara da damina wata babbar mota ta haye tasa a hanya, likitoci sunka yanke masa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Ciwo ya warke, anka yi masa ƙafar roba. Sai ga wayar matarsa Rashida.

Ta ce, "Inna, ƙafa ta warke, mai ƙafar ne bai warke ba. Tun da aka sallamo shi bai taka ƙofar gida ba. Ko Juma'a ba ya zuwa. In an zo gaishe shi sai ya juya wa mutane baya."

Tabawa ta ɗora hannu a ka ta ce ita sai ta je. Na ce to zan raka ta, tsohuwa ba ta tafiya ita kaɗai. Kowa a gidan ya san ba rakiya ba ce, ba kuma wanda ya buɗe baki.

Munka ɗaure gero da daddawa da kuka da man shanu. Sai da rana ta fito sosai munka bar gida, don hanyarmu yanzu ba a yi mata sammako. A Tsafe munka sauya mota, munka kwana Gusau wajen ɗiyata a Tudun Wada, ita ta haɗa mana takardu cikin wata 'yar jaka ta rataya mini a wuya kamar laya. Washegari, ba mu wuce Bunguɗu ba Tabawa ta fara rikici da yaron mota a kan ya ɗora taya bisa buhunmu.

"Goggo, gero ne fa, ba ƙwai ba."

"Uwarka ce ta noma shi da za ka gaya mini ko mene ne?"

Har Sakkwato suna yi, kafin Kebbi kuwa sun zama uwa da ɗa, yana saya mata rake.

A iyaka na ga ta kaina. Tabawa ta tafi kama ruwa, layi ya zo kaina. Ma'aikacin ya duba takarda ya dube ni, ya ce da wata Hausa mai ɗan nauyi, "Mama, wajen wa za ki?"

Na ce, "Wajen wani yaro."

"Sunansa?"

Na yi shiru. Ya sake tambaya, na sake yin shiru. Mutanen bayana sunka fara tsaki. Ya ajiye biro ya ce mace ta taso tun daga Zamfara ba ta san sunan wanda za ta gani ba? Na ce na sani sarai. Ya ce to faɗi. Na sunkuyar da kai. Can wata Bafulatana mai sayar da nono a bakin rumfar ta ce masa wani abu da yarensu. Sai ya jingina da kujera ya yi murmushi.

"Ɗan fari ne?"

Na ce, "Ga uwarsa can tafe da buta, ita za ta faɗa."

Ya ce tasa uwar ma har ta rasu ba ta kira sunansa ba. Ya buga hatimi.

Daga nan ƙasa ta fara sauyawa. A Kandi anka kawo mana cuku soyayye, jan baya, a cikin miya kamar nama. A Farakku sakwara, da wani burodi dogo kamar sandar makiyayi, mai ɓawon da ke yanka dasashi. Tabawa ta jiƙa nata a shayi tana cewa mutanen nan ba su tausayin marasa haƙora. Man fetur kuwa a cikin manyan tulunan gilashi ake jera shi bakin titi, na ɗauka man gyaɗa ne. Muna ƙara yin kudu iska na ƙara nauyi, har ka ji kamar an shimfiɗa maka jiƙaƙƙen zane a fuska. Da munka shiga Kotonu sai 'yan kabu-kabu, kowa da riga ruwan ɗorawa, kamar fari sun sauka a gona. Mata ma na tuƙa babur, da goyo a baya da kwando a gaba, ba mai ko waiwayensu.

Gidan yana Zango, can cikin wani lungu, ɗakuna a jere kowa da maƙwabcinsa. Rashida haifaffiyar can ce, doguwa, mai saurin hannu da saurin baki. Ta sauke mu a falo, ta nuna labulen ƙuryar ɗaki da haɓa. Tabawa ta faɗa ciki da kuka. Ni na zauna inda anka shimfiɗa mini.

Daga bayan labule murya ta fito, siririya, ba irin wadda na sani ba. "Sannunku da hanya. An zo lafiya?"

Na ce, "Tabawa, ki ce lafiya lau."

Kwanaki sunka wuce a haka. Tabawa ta mai da shi jariri. Ita ke kai masa ruwan alwala, ita ke fifita shi, in ya yi tari ta ce wayyo ƙafar. Masu zuwa jaje su ma duk da irin fuskar nan ta gidan makoki suke shigowa. Ƙafar robar tana jingine bayan ƙofar falo an rataya mata hula. Ni ban shiga ba, ban leƙa ba. Ina tsakar gida ina daka fura, ina shanya wankin da ba ya bushewa, ina saurare. Abin da na ji bai yi mini daɗi ba: mutum ne yake ƙoƙarin mutuwa alhali Allah bai kira shi ba.

Ran nan da hantsi, labule a sake, na ɗaga murya yadda za ta kai ƙurya.

"Tabawa, gida za ni. Zan je a ce mini Hajo yaya teku, in ce ban gani ba. Daga Bilbis 'ya'yan wasu sunka tuƙo ni don ba yadda zan yi. Amma ba ni hawa bayan ɗan wata in zaga gari, alhali an ce gidan nan akwai direba."

Tabawa ta zaro ido tana yi mini alama in yi shiru. Rashida kuwa da ke tankaɗe ta gane inda na dosa. Ta ce, ita ma da ƙarfi, ai akwai wasu 'yan ƙananan motoci da ake bayarwa haya wajen titin bakin ruwa, mutum ya tuƙa kansa ya zaga gari ya maido da yamma. Da lantarki suke tafiya, ƙafa ɗaya ake taka su da ita, kuma har ƙofar gida suna kawowa.

Can daga ƙurya: "Waɗannan ai na masu yawon buɗe ido ne."

Na ce, "Tabawa, ki ce nawa idon ma a rufe yake."

Da la'asar ya aiko Rashida da sharaɗi. Zai tuƙa, amma a kawo motar da sassafe kafin lungu ya cika, kuma in ya zauna ba zai sauka ba sai an dawo ƙofar gida. Na ce an yarda.

A lissafina, Tabawa za ta zauna gaba kusa da ɗanta, ni in shige baya in yi shiru. Abu biyu sunka ɓata lissafin. Na farko, daren nan Rashida ta yi miyar kuɓewa da ƙaguwa, Tabawa ta ce ba ta cin gizo-gizon ruwa, daga baya ta cinye kwano biyu, ta kwana tana zarya da buta. Na biyu, da gari ya waye wata budurwa mai wando ta kawo motar, na fito na gan ta. Kamar an raba kabewa biyu an sa mata ƙafafu. Ba ƙofa, sai wani ƙarfe da ake saukewa. Mazauni biyu ne, manne da juna. Na zaga bayanta ina neman baya, babu baya.

Shi ya riga ya ɗaura ƙafar robar ya shiga, ya lulluɓe gwiwoyinsa da zane, sandarsa a gefe. Budurwar na yi masa bayani da Faransanci, Rashida na juya mini: kada a wuce gari, kada a hau yashi. Ni kuwa ina tsaye ina kallon mazaunin. Tun da na yaye yaron nan kafaɗata ba ta taɓa tasa ba. In na ce na fasa, zai koma bayan labule, kuma na san ba zai sake fitowa ba. Na tuna duk motar da na taɓa shiga, ba ni jin kunyar mai tuƙi, ko ɗan wane ne. Na ja mayafina ta gefensa, na sa buta da darduma a tsakani, na zauna ina duban gaba.

Na ce, "Direba, bismilla."

Na ji ya ja numfashi. Ya ɗora hannu a kan sitiyari, ta wutsiyar ido na gani. Motar ta motsa ba ƙara ba hayaƙi, kamar ɓarauniya. Munka fita lungu, munka hau titi, masu keke na wuce mu.

Na ce, "Direba, jakin mai unguwarmu ya fi wannan sauri, kuma gurgu ne."

Sai da maganar ta fita na ji abin da na faɗa. Na ciji leɓe. Can sai na ji wani abu kamar tari, ashe dariya ce ta kuɓuce masa.

Ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri, sabon direba ne."

Ya taka ta.

Akwai wata rediyo a jikin motar, duk inda anka iso sai ta kama magana ita kaɗai. Na ce direba me take cewa? Ya ce tana faɗin tarihin wurin ne. Na ce to a juya mini, kuɗin haya har da ita. Haka ya fara magana, da kaɗan-kaɗan, har ya daina jiran rediyon. Ya nuna mini wata mace ta ƙarfe, tsayinta ya fi rimi, da bindiga da takobi, ya ce sojojin wani sarki ne na da, mata zalla. Na ce ko da ganin Rashida na san ƙasar nan mata ba su da wasa. Ya kai ni gada, ruwa a ƙasa cike da kwale-kwale, kasuwa a gefe wadda idona bai ga ƙarshenta ba. Nan cunkoso ya tsai da mu kusa da wata mai sayar da lemu. A ƙugunta, cikin zane, ta soke wata 'yar tsana ta itace da riga, kafin ta sha ruwa sai ta ɗiga mata a baki.

"Direba, wannan fa?"

"Tagwaye ta haifa, ɗaya ya rasu. Nan haka suke yi. Duk inda za ta da shi, ta yi masa wanka, ta ba shi abinci."

Na daɗe ina kallon matar. Ba addininmu ba ne, Allah ya shirye mu baki ɗaya. Amma na ce a raina, kowace ƙasa da yadda uwa ke ɗaukar ɗanta. Wata a ƙugu kowa na gani, wata a inda ba a gani.

Da munka biyo ta tashar jiragen ruwa magana ta ɗauke masa. Doguwar katanga ce an zane ta da hotuna, bayanta akwatunan ƙarfe a kan juna kamar an jera duwatsun Kwatarkwashi. Wani mai babur ya matso, ya leƙo, ya kira shi da sunansa.

"Kai ne? Ka tashi? Wallahi yara na ta tambayarka a gareji."

Ya ɗaga masa hannu kawai, ya ja zanen gwiwarsa, ya karya kwana.

Sai ga titin bakin ruwa, itatuwan kwakwa a jere, ga kuma abin da kuke tambaya. Ba ya da tsallake, gaskiya ne. Kuma ba ya yin shiru, yana ta numfashi kamar babbar dabba. Na ce direba, Tabawa ta roƙe ni in ɗebo mata a buta, wai yana maganin sanyin ƙashi. Tsakanin titi da ruwa akwai yashi mai faɗi. Ya dubi yashin, na san gwiwoyina yake tunani. Sai ya sauka daga kwalta don ya rage mini tafiya. Ba mu yi nisa ba motar ta yi wani kuka ta zauna, tayoyi sun nitse cikin yashi.

Masunta ne a wurin, maza da mata, sun kama wata doguwar igiya suna jan taru suna waƙa. Wani dattijo mai faffaɗar hula ya zo ya zaga motar. Ya ce abu mai sauƙi ne, ɗaukarta za su yi, amma sai mai tuƙi ya sauko. Ɗan Tabawa ya ce su ɗauka da shi a ciki. Dattijon ya yi dariya ya koma ga igiyarsa.

Rana ta take. Yana riƙe da sitiyari, ya ƙura wa gaba ido. Na ga zaman ba zai ƙare ba, na ɗauki butata na sauka na nufi ruwa.

Wasu a gidan nan sun ce da gangan na yi abin da ya biyo baya. Allah ya sani ba haka ba ne. Ni ruwan da na sani gulbi ne da tafki, inda ka same shi nan yake. Na isa baki na tsuguna zan ɗiba, sai ruwan ya ja baya. Na matsa, ya ƙara ja. Na ce ikon Allah, ruwa na gudun buta. Na bi shi, ina sunkuye, idona a ƙasa. Ina jin ana ihu a bayana, na ɗauka waƙar masunta ce. Da na ɗaga kai sai na ga katanga ta ruwa ta fi ni tsayi.

Hannu ya damƙe ni ta baya daidai lokacin da ta faɗo. Munka kife tare. Gishiri a hanci, yashi a baki, ruwa na jan ƙafafuna kamar mai jan akuya zuwa kasuwa, hannun nan kuwa bai sake ni ba. Da ruwan ya koma sai ga mu zube, ni da ɗan Tabawa. Ya taso tun daga mota, cikin yashin da mai ƙafa biyu ma ke nitsewa. Buta ta tafi, takalmina ɗaya ya tafi. Ƙafar robar ma ta kwance, ga ta can tana birgima cikin kumfa. Wata mata ta bi ta da gudu ta cafke, ta ɗaga ta sama tana zubar da ruwan ciki, jama'a duk suna gani.

Abin da ya ɓoye wa duniya tun bara ke nan, a fili, da rana tsaka. Na kau da kaina, na jira in ji irin muryar nan ta jaje.

Ba ita na ji ba. Matar ta miƙa masa ƙafar kamar yadda ake miƙa wa mutum takalminsa, sannan ta kama masifa. Dattijon ya karɓa, sauran sunka taya. Ba na jin yaren, amma faɗa ba ya bukatar tafinta. Daga baya ɗan Tabawa ya gaya wa Rashida abin da sunka ce: wane irin ƙato ne zai zauna cikin mota ya bar tsohuwa ta tunkari ruwa ita kaɗai? Ba ya da hankali ne? Shi kuwa yana ɗaura ƙafarsa yana mayar musu. Ya dafa kafaɗar dattijon ya miƙe, yana nuna mota, yana nuna ni, muryarsa ta fito gaba ɗaya, irin ta mahaifinsa in ana rikicin iyakar gona. Ina zaune a jiƙe, ƙafa ɗaya ba takalmi, ban taɓa jin faɗa mai daɗin wannan ba.

Da sunka gaji, sunka ɗauki motar kamar gawar tunkiya sunka ajiye bisa kwalta. Matar ta ba ni silifas ɗinta, ta kawo ruwa a ƙwarya munka yi alwala. Ya shiga gaba, na tsaya bayansa, munka yi azahar a kan yashi. A tsaye ya yi kabbara.

A hanyar dawowa bai nufi gida ba. Ya ce motar ta sha yashi, ba daidai ba ne a aiko yarinya ta tarar da ita haka, gara ya kai da kansa ya yi bayani. Ya sauka a gaban mutane ya yi bayaninsa. Munka shiga tasi, ta ajiye mu bakin titi don ba ta shiga lungu. La'asar ta yi, lungu a cike, masu shayi, masu wanki, tsofaffi a kan benci. Ya tsaya kaɗan. Sannan ya dogara sandarsa ya shiga, ni ina biye daga nesa yadda ya kamata. Duk wanda ya gaishe shi ya amsa, har da tsayawa. Wani tsoho ya ce, "Juma'a fa?" Ya ce, "In Allah ya kai mu."

Tabawa na bakin ƙofa, ta gan mu a jiƙe ta buɗe baki za ta fara. Ya ce, "Goggo, in akwai sauran tuwo a ɗumama."

Mun ƙara kwanaki, na ga Juma'ar da idona, na ga kuma safiyar da ya tafi gareji. Ban sake yi masa magana baki da baki ba, ba kuma zan yi ba, haka anka haife mu. Ranar da za mu taso ya rako mu tasha, ya tsaya jikin taga yana gaya wa Tabawa wai akwai motocin da ba su bukatar ƙafar hagu, an ce za a ba shi ɗaya ya kai arewa bayan girbi, zai biyo ta gida.

Na ce, "Tabawa, ki ce wa ɗanki in zai zo, ya zo da mai mazaunin baya."

Ya ce, "Goggo, ki ce mata na ji. Sai dai baya na buhunan gero ne."

Tabawa ta dube ni ta dube shi ta ce ita ta gaji da aike, mota ta tashi.

Iyakar abin da na gani ke nan. Wadda ba ta yarda ba, girbi ya kusa, ta zo ta tsaya bakin hanya.